Kallon diramar Koriya zai koya mini yaren?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kallon diramar Koriya kaɗai zai sa ki iya yaren. Zai taimaka ƙwarai, amma sai kin haɗa da karatu.

Fara da haruffansu, Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Guda 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, cikin mako guda za ki fara haɗa baƙi. Ni na shekara biyu ina kallo da fassara a ƙasan allo, abin da na tsinta bai wuce gaisuwa da godiya ba, domin hankalina duk yana kan rubutun. Da na koyi Hangul, sai na riƙa ɗaukar fitowa ɗaya ta minti uku, in kalla da fassara, in sake da rubutun Koriyanci, in tsayar in maimaita da baki har harshena ya faɗa. Nan na gane aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa.

Inda nake so ki kula sosai shi ne girmamawa. Abokai a dirama suna yin banmal, maganar tsara, wadda in kika yi wa babba tamkar kin kira mahaifinki da sunansa ne. Riƙe ƙarshen "-yo" tukuna, wato ɗafin ladabi da ake ƙarasa jimla da shi. "Oppa" kuma mace ce ke faɗa wa yayanta ko saurayin da ya girme ta, namiji "hyeong" yake ce wa yayansa. Diramar sarakunan Joseon, tsohuwar daular Koriya, ki kalla don nishaɗi, yarensu na fada ne, ba wanda zai yi miki shi a kasuwar Seoul.