Hukuncin cire mahaifa alhali akwai sauran hanyar magani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce daga Tahoua, shekaruna 39, ƴaƴana huɗu. Shekara biyu ke nan ina fama da zubar jini, wani watan sai ya yi mini kwana ashirin, har sau biyu ana ƙara mini jini. Da aka yi mini eko, wato hoton ciki, sai aka ga ƙari guda uku a mahaifa, wanda likitoci ke kira fibrom. Likita ya ce ko dai a gwada magani, ko a yi aiki a cire ƙarin kawai, ko a cire mahaifar gaba ɗaya in huta. Ni na gaji, cirewar nake so. Maigida ya ƙi don yana son ƙarin haihuwa, surukata kuma ta ce haramun ne. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, baiwar Allah, ya sa kaffara ne.

Asali dai ba ya halatta a kashe hanyar haihuwa har abada, ga namiji ko ga mace. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana Usman ɗan Maz'un ƙaurace wa aure, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya ce da an yi masa izini da sun yi wa kansu dandaƙa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haramun ne kawar da ikon haihuwa sai idan lalura ta tilasta bisa ma'aunin shari'a. Surukarki ta riƙe rabin hukuncin ne, ta bar rabin da ya shafe ki, wato lalura. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa, kuma Allah ya ce kada ku jefa kanku zuwa halaka (Baƙara, 195).

Sai dai malamai suna cewa ana auna lalura gwargwadonta. Ba a sare icce saboda reshe ɗaya ya bushe. Don haka abin dubawa shi ne ko akwai hanyar da ta fi sauƙi wadda za ta tsayar da jinin a bar miki mahaifarki.

Likitanki da kansa ya ce akwai. Fibrom tsiro ne na naman mahaifa, kusan dukkansa ba ciwon daji ba ne, kuma sinadaran da gidan ƙwai ke fitarwa ne ke ciyar da shi, shi ya sa yakan motse idan mace ta daina al'ada. Akwai ƙwayoyin da ake sha a kwanakin al'ada su rage zubar, akwai allurai, akwai ƴar roba mai sinadari da ake sanyawa a cikin mahaifa wadda ke rage jini sosai ga mata da yawa, ko da yake idan ƙarin ya canza surar cikin mahaifar ba ta zama daidai. Sannan akwai aikin cire ƙarin kaɗai. Wannan aikin ma ba wasa ba ne: ana iya zubar da jini mai yawa a lokacinsa har likita ya tilastu ya cire mahaifar, ƙarin yana iya sake tsirowa bayan shekaru, kuma wadda ta samu ciki a bayansa sau da yawa sai an yi mata aiki wajen haihuwa. Na faɗi haka ne don kada maigida ya ɗauka hanya ce shimfiɗaɗɗiya.

A halin da kika bayyana, abin da nake gani shi ne kada ki fara da cirewa. Gajiya uzuri ce da ake tausayawa, amma ita kaɗai ba ta kai matsayin da za a yi abin da ba ya gyaruwa ba, tunda ba a gwada ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba tukuna. Ki koma wurin likitan mata, ki tambaye shi kai tsaye wace hanya ce ta dace da girman ƙarinki da inda ya zauna, kuma wata nawa za a ba maganin kafin a ce bai yi ba. In da hali ki ji ta bakin likita na biyu, a cibiyar uwa da yaro ta Tahoua, ko asibitin Galmi, ko Matarniti Issaka Gazobi a Yamai. Idan an gwada jinin bai tsaya ba, ko likita amintacce ya ce hanyoyin nan ba za su yi miki aiki ba, cire mahaifar ya halatta, babu laifi a kanki ko kaɗan. Idan kuwa aka gano ciwon daji, ko ranki ya shiga haɗari, kamar wadda mahaifarta ta fashe wajen naƙuda ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, maganar ta tashi daga halal ta koma wajibi.

Wani abu da na lura da shi a cikin tambayoyin da ke zo mini: mata da yawa abin da ke hana su aikin tsoron kishiya ne da bakin dangi, sai a lulluɓe shi da sunan addini. Mace ta ɗashe, ta kasa hawa tudu, ana ta ɗura mata sassaƙe da jiƙo shekara da shekaru, har sai an kwashe ta ranga-ranga. Wannan ba tawakkali ba ne. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani, ya ku bayin Allah.

Game da maigida, yana da haƙƙi a haihuwa, don haka shawara da shi wajibi ce ta zamantakewa. Ki tafi da shi ya ji daga bakin likita da kunnensa, don maza da yawa ba su san abin da ake nufi da ƙarin jini sau biyu ba. Amma idan lalura ta tabbata, izinin da ake dubawa naki ne. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke cewa a aikin cire mahaifa na lalura maganar mace baliga mai hankali ake bi, ba a sharɗanta yardar miji ko waliyyi, domin cutar a jikinta take. Haka kuma ba wanda zai tilasta miki cirewa in ba ki so.

In har ta kai ga aikin, ki tambaya ko za a bar miki gidan ƙwai. Idan lafiyarsu lau, cire su a shekarunki yana jawo ɗaukewar al'ada farat ɗaya da zafin jiki da raunin ƙashi, kuma shari'a ba ta yarda a cire gaɓa mai lafiya ba tare da dalili ba. Cire mahaifa ba ya hana zaman aure bayan an warke.

Kafin nan ki kula da sallarki, don kwana ashirin ba duka ne haila ba. A mazhabar Malikiyya za ki zauna mafi tsawon kwanakin da kika saba, ki ƙara uku muddin jimillar ba ta wuce goma sha biyar ba, sannan ki yi wanka ki ci gaba da salla da azumi ko da jinin na zuba, domin istihala ne, wato jinin ciwo, kamar yadda aka ce wa Faɗimatu ƴar Abu Hubaish. An so ki riƙa sabunta alwala ga kowace salla.

Wallahu a'alamu.