Tambaya da Amsa: Wane Ne J.R., Kuma Me Wasan Dallas Ya Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidanmu, duk lokacin da aka yi zancen ɗan kasuwa mai wayo da rashin imani, sai kawuna ya ce, "Wannan ai J.R. ne." Ya ce sunan wani ne a wasan talabijin mai suna Dallas. Don Allah wane irin wasa ne wannan, kuma me ya sa har yau ake ambatonsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, kawunki ya san abin da yake faɗa. Dallas wasan kwaikwayo ne mai dogon zango wanda David Jacobs ya ƙirƙiro, tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shi a watan Afrilun 1978, ba ta daina ba sai a watan Mayun 1991, bayan kashi 357. Labarin gidan Ewing ne, attajiran jihar Texas masu kamfanin man fetur da garken shanu, inda uba da uwa da 'ya'ya da matansu suke zaune a gida guda suna cin abinci tare, alhali kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami. Wutar ta kama ne da autan gidan, Bobby, ya auro 'yar gidan Barnes, abokan gabarsu tun zamanin iyaye.

J.R. shi ne babban ɗa, kuma Larry Hagman ne ya fito a matsayinsa, sanye da faffaɗar hular makiyayan Texas, yana murmushi a daidai lokacin da yake shirya wa mutum gadar zare. A ganina babban abin da wasan ya bari shi ne wannan: ya nuna cewa mugu zai iya zama ginshiƙin labari, masu kallo su riƙa tsine masa, amma su kasa barin kallonsa. Kafin haka, irin waɗannan wasanni na rikicin iyali an fi nuna su da rana domin matan gida. Ba Dallas ne ya fara kawo su dare ba, amma nasararsa ce ta sa tashar ABC ta fito da Dynasty a 1981 domin ta yi gogayya da shi.

Abu na biyu shi ne dabarar yanke labari a inda ya fi daɗi. A ranar 21 ga Maris 1980, an nuna J.R. shi kaɗai a ofis da dare, ya ji motsi, ya leƙo waje, sai aka ɗirka masa harsashi biyu, aka rufe zangon ba tare da an nuna maharbin ba. Da yake kusan kowa a labarin yana da dalilin kashe shi, sai tambayar ta zama abin musu a ko'ina, har aka riƙa caca a kanta a Ingila. Yajin aikin 'yan wasa ya ƙara jan lokaci, aka yi wata takwas ana jira. Ranar 21 ga Nuwamba, fiye da mutum miliyan 80 a Amurka suka zauna gaban talabijin suka ga cewa Kristin ce, ƙanwar matarsa, wadda yake nema a ɓoye. Duk mai bin fina-finanmu masu dogon zango ya san wannan salo, ko da bai taɓa jin sunan Dallas ba.

Wasan ya kuma bar misalin yadda ake raina hankalin masu kallo. An kashe Bobby a 1985, da aka ga kasuwa tana ja da baya sai aka dawo da shi a 1986, tsohuwar matarsa ta farka ta same shi yana wanka, aka ce duk abin da ya faru a zangon nan mafarki ta yi. Mutane da yawa ba su yafe wannan ba.

A wajen Amurka, wasu shugabanni a Turai sun ɗauki wasan a matsayin alamar mamayar al'adun Amurka. Sai dai binciken da wasu masana biyu, Tamar Liebes da Elihu Katz, suka wallafa a 1990 ya nuna cewa masu kallo ba sa haɗiye abu yadda aka ba su: Larabawan da suka tattauna da su sun fi kallonsa ta fuskar zumunci da tarbiyya, waɗanda suka fito daga Rasha kuwa suna neman farfagandar da ke ƙarƙashinsa, a Japan ma bai karɓu ba. A Romaniya gwamnatin kwaminisanci ta shugaba Ceausescu ta bari a nuna shi, kuma Hagman da kansa ya sha cewa motoci da gidajen da talakawa suka gani a ciki sun taimaka wajen juya musu tunani, ko da yake wannan magana ce ta mai yabon hajarsa.

Gidan gonar da aka yi amfani da shi, Southfork, yana garin Parker a arewacin birnin Dallas, kuma ya zama wurin yawon buɗe ido. An farfaɗo da wasan a tashar TNT a 2012, Hagman ya rasu a watan Nuwamban shekarar ana cikin ɗauka, aka dakatar da wasan a 2014.