Matar Mai Garken Shanu a Yammacin Amurka: Yaya Ta Rayu?

Tambaya: Malam, a finafinan kaboyi kullum maza ne bisa dawaki, mata na tsaye bakin ƙofa. Da gaske haka matan makiyayan yammacin Amurka suka zauna a wancan zamani?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ba ta da sukunin tsayawa bakin ƙofa.

Dokar rabon filaye da gwamnatin Amurka ta yi a 1862 ta ba duk wanda ya zauna shekara biyar a fili eka 160, sai iyalai suka kwarara Kansas da Nebraska da Dakota, ƙasar da aka raba ƙabilun asalin yankin irin su Lakota da ita. Filin fetal ne, ba itatuwa. Da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ake gina ɗaki, matar ta ɗaura zane ƙarƙashin rufi don tare ƙura da ƙwari. Da busasshen kashin shanu ko na ɓauna take hura wuta, ita ke ɗibar ruwa, ita ke haɗa sabulu da toka da kitse.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne kuɗi. Maigida sau ɗaya yake sayar da shanu a shekara, galibi da kaka. Sauran watannin fa? Kajinta da man shanun da ta kaɗa ne ke riƙe gidan. Takan kai ƙwai da mai kanti a yi musaya da gari da sukari da kananzir. Wanda ya san Bafulatana da ƙwaryar nononta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka garkuna a Montana da Wyoming, makiyaya suka koma yankan ciyawa suna tanadi, girkin masu yankan ya ƙaru a kanta.

Kaɗaici kuwa ya fi aikin ciwo. Miji zai yi makonni wajen tattaro shanu, maƙwabciya tana nisan mil da yawa, kuma ita ce ungozoma ran haihuwa, in ta iso da wuri. Yara da dama sun tafi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi kafin a samo likita.

Duk da wannan wahala, matar aure ba ta iya karɓar filin da sunanta muddin miji ne shugaban gida. Budurwa mai shekara 21 ko wadda mijinta ya rasu na iya karɓa, kuma da yawa sun karɓa sun yi kiwo da kansu.