Tambaya da Amsa: Wane kiɗa zan ba mutanen da na ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina rubuta littafi a kan wata masarauta da na ƙirƙira da kaina. Mutanenta masunta ne, suna zaune a tsibiri a tsakiyar wani babban tafki, ba doki ba saniya, kuma mace ce ke sarautarsu. Na iso babin naɗin sarauniya sai na tsaya cak, don ban san kiɗan da za a yi ba. In sa kakaki da tambari, ko in ƙirƙiro wani abin kiɗa da sunan da ba a taɓa ji ba?
Daga wata marubuciya, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin da yawa ba sa tsayawa su yi ta. Sai ka ga fim na zamanin da, an sha ado da walki da layu, amma fiyano ke tashi a bayan sarki. Abin yana ɓata mini rai.

Kafin ki nemi suna, nemi mai kiɗan. A ƙasarmu kiɗa ba ya yawo haka kawai, kowanne da ubangidansa. Kalangu na mahauta ne tun asali, 'yan dambe kuma suka same shi ta wurinsu, don dambe wasan mahauta ne. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta gayya, garaya ta maharba da 'yan bori. Mata a cikin gida suna da shantu da kiɗan ƙwarya, wanda Barmani Choge ta fito da shi fili har Allah ya karɓi ranta a 2013. Kakaki da tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai. Duk kuɗin attajiri, ba a busa masa kakaki. A al'adar fadar Zazzau, daren Juma'a makaɗan sarki kan taru a ƙofar fada su yi sara, wato kiɗan girmama sarki, mutumin da ke kwance a Ƙwarbai ko Limancin Kona ba sai an gaya masa wa ake yi wa ba. To, ki tambayi kanki: a tsibirin nan naki, wane sauti ne idan ya tashi kowa ya san na sarauniya ne? Wa ya gaji buga shi? Me zai sami wanda ya buga shi ba da izini ba? In kin amsa waɗannan, rabin babin ya rubutu.

Sai kayan haɗi, kuma a nan ne nake so ki daɗe. Ke da bakinki kin ce ba doki ba saniya. Ashe kin riga kin hana kanki goge da kukuma, domin tsagiya ce ke kuka a jikinsu, gashin wutsiyar doki. Ki dubi mai goge kafin ya fara: ya ciro ɗan ƙaro daga aljihu, ya goga a tsagiyar a hankali, ya ja sau ɗaya ya kasa kunne, ya ƙara. Ba dokin, ba wannan. Tambari ma fatar bijimi ake ɗaura masa. Kakaki kuwa ƙarfe ne mai tsawon gaske, sai da maƙera da hanyar fatauci, kuma abokin hawa ne, tare da dawaki yake fita. Idan kika sa shi a bakin masuncinki, mai karatu da ya taɓa tsayawa a hawan Sallah zai ji abin bai zauna ba, ko da bai iya faɗin dalili ba.

Amma dubi abin da kike da shi. Kina da ruwa, kina da gora da ƙwarya, kina da guza da kada, ga kwalekwale da filafili. Fatar guza da ma ita ake rufe ƙoƙon goge da ita, ba baƙuwa ba ce a sana'ar. Matanmu kuma sun daɗe suna kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban masaki suna dukan ta, sauti ya fito mai kauri, in an rage iskar da ke ƙarƙashinta ya sauya. Da ni ne ke riƙe da alƙalamin, daga nan zan ɗauko kiɗan sarautar: manyan ƙore a kife a kan tafkin kansa, tsofaffin mata na gida ɗaya a tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, ba a taɓa su sai ran naɗi da ran rasuwa. Tunda mace ce a kan gado, ba abin mamaki ba ne kiɗan fada ya zama na mata. Kada kuma ki raina ƙaramin abu. Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya.

Abin da marubuta suka fi mantawa shi ne take. Kiɗanmu magana yake yi. Mai kalangu yana matse shi a hammata yana sassautawa, muryar gangar na hawa da sauka kamar yadda harshenmu ke yi, shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa daga nesa tsigar jikinsa ta tashi, tun maroƙi bai buɗe baki ba. Ki ba sarauniyarki take gajere, layi ɗaya ko biyu. Ki ba sarkin ruwa nasa, ki ba jarumin labarin nasa. Daga nan ba sai kin yi ta cewa "aka yi kiɗa mai daɗi" ba, wannan jimla ba ta kai wa kowa sauti a kunne. Ki rubuta abin da ƙwaryar ta faɗa, da abin da mutumin ya yi da ya ji.

Game da suna, ki ƙirƙira, ba laifi, amma biyu ko uku sun isa, kuma su zama masu sauƙi a baki. Mai karatu ba zai riƙe goma ba.

Saura ɗaya, kuma mai nauyi ne. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotsonsu sun ci riguna da dawaki a hannun sarakuna, sun kuma yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu zambo da habaici har ana tsoron bakinsu. Duk da haka akwai gidajen da ba sa ba maroƙi 'ya. Ki yanke wa makaɗan tsibirinki matsayi: me ake biyan su da shi, kifi ko gishiri ko kwalekwale, wa suke aura, kuma in sarauniya ta yi zalunci, suna da bakin gaya mata a cikin waƙa ko babu. Idan tsofaffin nan suka ƙi shiga ruwa ran naɗi, an naɗa ta ko ba a naɗa ba? Ki san amsar wannan kafin ki koma kan babin.