Ƙanwata, ga amsar tambayarki kan walimar shayin da kika gani a hotona

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya gida ya su Umma, ya kuma hidimar shirin tafiya? Na ga saƙonki tun shekaranjiya, aikin dare nake yi satin nan shi ya sa sai yau na zauna. Barka da samun gurbin mastas a Leeds ta Ingila, Allah ya sanya albarka. Kin ce kin ga hotunan da na ɗora, mu tara a falo kowa da shigar 'yan fim ga kek ga kofuna, kina tambaya wai haka rayuwar take kullum, nawa na kashe, sannan can ƙasa kika ce ke da ba ki san kowa ba ya za ki yi ki samu mutane. Wannan ta ƙarshen ita ce ta taɓa ni gaskiya, don ita ce tambayar da ni ban samu wanda zan yi wa ba lokacin da na zo.

A'a ba kullum ba ne. Za ki sauka a Satumba gari da ɗan daɗinsa, amma Lahadin ƙarshen Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin Disamba rana na faɗuwa tun huɗu saura kwata, ki fita aji da duhu ki dawo da duhu, ga ruwa yayyaf-yayyaf ba ya ƙarewa. Kuma nan ba kamar gida ba ne da maƙwabciya za ta yi sallama ta shigo ko a aiko yaro da kwanon tuwo, wallahi sai ki wata uku kuna haɗa kicin da mutum ba abin da ya haɗa ku sai murmushi. Ba wulaƙanci ba ne, su a wurinsu shiga gidan mutum ba gayyata rashin ta ido ne. Shekarata ta farko a Bradford na zauna ina jira a neme ni, ba wanda ya zo, na yi kuka ba adadi a kan sallaya. Sai daga baya na gane in kina son mutane ke za ki buɗe ƙofa, ki sa rana ki sa lokaci ki ce ku zo, kuma abin da ya fi sauƙin cewa a zo masa a ƙasar nan shi ne shayi.

Shi shayin la'asar ɗin al'adarsu ce tsohuwa, ana danganta ta da wata basarakiya Anna matar Duke na Bedford wajen 1840, lokacin masu kuɗi ba sa cin abincin dare sai wajen takwas, yunwa ta riƙa damunta da yamma sai ta sa a kawo mata shayi da burodi da bota, daga nan ta fara kiran ƙawaye. Tsarinsa faranti ne mai hawa uku, ƙasa ƙananan sanwici an yanke gefen burodin, tsakiya sikon, wani ɗan burodi ne mai laushi da ake tsagawa a shafa jam da kirim mai kauri, sama kuma kayan zaƙi, ana ci daga ƙasa zuwa sama. Har musu suke a kai, mutanen yankin Devon kirim suke fara shafawa sannan jam, na Cornwall jam tukun. In kika je otal irin Ritz a Landan mutum ɗaya ya haura fam 70, nan kusa da mu akwai gidan shan shayi na Bettys a garin Harrogate tun 1919 suke, in kin samu hali ki je sau ɗaya ki gani da idonki, sai dai ki kula wasu wuraren da giya ake haɗa shi kuma sanwicin naman alade na cikin jerin, dole ki faɗa tun kafin a kawo. Wani abu kuma, nan arewacin Ingila in mutum ya ce ki zo shan shayi da yamma sau da yawa abincin dare yake nufi, ki tambaya ƙarfe nawa.

To ni wanda kika gani a gida na yi shi kuma duka-duka bai kai fam 40 ba, mutum tara. Dalilin da ya sa na ce a yi shigar 'yan fim, na lura in ka tara mutanen da ba su san juna ba sai kowa ya riƙe waya ko a yi ta maganar ruwan sama, amma in akwai abin da aka zo dominsa baki na buɗewa da kansa. Na ce taken namu finafinan Indiya da na Kannywood, kowa ta zo da shigar jarumar da take so ko ta ƙasarsu. Ƙawata 'yar Pakistan da muke aiki tare ta kawo gyaluluwa da awarwaro cike da leda, ni na sa leshi na kafa ɗauri irin na hajiyar fim, wata 'yar Sin ta zo da hoton mawaƙan Koriya a rigarta ta ce ita nan ta fi ƙarfi, muka ce bismillah. Abin da ba zan manta ba shi ne da na kunna musu fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa, 'yar Pakistan ɗin ta dafe ƙirji ta ce ya aka yi kuka san wannan, na ce mata iyayenmu a silimun Kano irin su Plaza da Marhaba suka kalle su tun kafin a haife mu, akwai tsofaffin da za su rera miki waƙar Indiya daga farko har ƙarshe ba su taɓa taka ƙasar ba. Daga ranar ta daina kirana abokiyar aiki, da azumi mahaifiyarta har abincin buɗa baki take aiko min. Kuma Bradford ɗin ma garin fim ne, shi hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ba wa sunan birnin finafinai a 2009, maƙwabciyata tsohuwar Baturiya ce ta gaya mana ranar tana ta alfahari.

Ita tsohuwar nan ita ta koya min sikon, bari in ba ki yadda take yi don ba wuya. Filawa mai haɗe da sinadarin tashi giram 350, bota mai sanyi giram 85, suga cokali 3, bekin foda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, madara wajen mililita 175. Ki murje botar cikin filawa da yatsu har ta koma kamar garin rogo, ki zuba madara ki haɗa sama-sama, kar ki kirɓa shi kamar ƙullin fanke, in kika cika taɓa shi tauri zai yi. Ki baje shi da kauri kamar yatsu biyu, ki yanka da bakin kofi a danne kai tsaye ba murɗawa, ki shafa ƙwai a sama, obin ya yi zafi sosai wajen 220, minti 12 zuwa 15 ya isa. Ranar za ki yi shi, in ya kwana ya tashi daga aiki. Sanwici kuma kokwamba da cuku mai laushi, sai na ƙwai, sai na kifin gwangwani, ki rufe da tsumma mai ɗan laima kar burodin ya bushe.

Amma hawa na sama namu ne, kuma nan nake so ki saurare ni da kyau. Kar ki ji kunyar kayanmu. Na sa cincin, dubulan, gireba da tuwon madara, kayan garar da muka taso muna gani ana jerawa a bokitai, na dafa shayi kala biyu, nasu na Yorkshire Tea da madara mai sanyi, da namu mai citta da kanumfari da na'a-na'a a filas, ga zoɓo a gefe. Dubulan ne ya fara ƙarewa, har aka riƙa tambayata ya ake wannan murɗin, na zauna ina nuna musu da hannu ina ba su labarin yadda ake kai wa amarya gara. Ki zauna da Umma ko Gwaggo kafin ki taho ki koyi dubulan da alkaki da hannunki, ki rubuta ma'auni, don nan ba mai yi miki, kuma ranar da kewar gida ta taso miki ƙamshin suyarsa kaɗai magani ne.

Sai abubuwan lura. Ki tambayi kowa ko akwai abin da jikinsa ba ya so, musamman gyaɗa, nan akwai waɗanda ko kaɗan suka ci sai asibiti, kuma kin san yajinmu da ƙuli a ciki, ki rubuta a 'yar takarda ki ajiye gaban kowane faranti. Ki riƙa karanta bayan kwali, alewa da yawa da jelatin ɗin alade ake yi, ruwan banila kuma galibi da giya a ciki, ki nemi na gari a shagunan 'yan Pakistan. In a hostal kike ki buɗe taga ki kunna fankar kicin kafin suya, ni cincin ɗina na farko ƙararrawar gobara ya tayar aka fitar da mutanen bene duka waje cikin sanyi, ban ji daɗi ba ko kaɗan, tun daga nan a wuta kaɗan-kaɗan nake soyawa ƙofar kicin a rufe. Kofuna da farantai kar ki sayi sababbi, shagunan sadaka irin Oxfam da British Heart Foundation cike suke da su da araha, ba sai sun zama iri ɗaya ba. Filawa da bota kantin Aldi ko Lidl, kayan ƙamshi kuma kasuwar Kirkgate a Leeds ko ki hau jirgin ƙasa minti ashirin ki zo Bradford.

Maganar kaya, don Allah kar a cusa miki kilishi ko dambun nama ko man shanu a akwati, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi. Ki taho da zoɓo, busasshiyar citta, kuka, kuɓewa, tsamiya, turaren wuta da atamfa biyu uku, ko teburi kika shimfiɗa wa ɗaya ta ƙawata ɗaki.

Ki sani bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ki yi aiki a sati lokacin karatu, kuɗin haya zai cinye mafi yawa, don haka ba kowane wata za ki iya wannan ba, ni ma sau uku ko huɗu nake yi a shekara. Ki fara da mutum huɗu, ki gaya musu sati biyu kafin ranar don su komai a kalanda yake, ki ce ƙarfe biyu zuwa biyar, da hunturu biyun ta yi daidai kin yi la'asar, magariba za ta same ku a zaune ki tashi ki yi sallarki ba wanda zai ce komai. Na fi so ki yi na farko a Nuwamba kafin duhun ya kama ki sosai.

Ki turo min ranar saukarki da filin jirgin, in Manchester ne zan zo in ɗauke ki in sha Allah, faranti mai hawa ukun nawa ma na ajiye miki aro. Ki gaida Umma, ki ce ina roƙon ta ba ki ma'aunin alkakinta ki taho min da shi.