Abin da ke juya silia da filajela

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda silia da filajela, wato siraran zare masu kama da gashi a jikin ƙwayoyin halitta, ke sarrafa motsinsu alhali ba su da tsoka. Injin yana cikinsu. In ban da filajelar bakteriya, galibi kowane zare na ɗauke da siraran bututu, tagwaye 9 a kewaye, 2 a tsakiya. Wani furotin mai suna dainin yana cin ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi, yana jan bututun da ke maƙwabtaka da shi. Da yake bututun a ɗaure suke da juna, a kafe kuma a gindi, jan sai ya koma lanƙwasa. Dainin na gefe ɗaya ya ja, na ɗaya gefen ya saki, sannan su yi musanya.

Alkibla kuwa, kalsiyam ke juya ta. Na taɓa ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na sa zaren auduga kaɗan. Farameshiyam, wata ƙaramar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya da ke iyo da silia, na cin karo da zaren, sai ya ja da baya, ya karkata, ya wuce abinsa. Karon ne ke buɗe wa kalsiyam ƙofa, silian su juya bugunsu. Da kalsiyam ɗin ya ragu, sai su koma bugun gaba. In za ka gwada, ɗebi ruwan da ganye ya ruɓe a ciki, nan farameshiyam suka fi yawa.