Mantuwa bayan buguwa a kai: wasannin waya za su taimaka?

Maman yaro, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce ɗanki mai shekara 12 ya bugu a kai a haɗarin babur, yanzu karatu ba ya zama, kina tambaya ko wasannin horar da ƙwaƙwalwa na waya za su taimaka.

Ni dai ba zan dogara da su ba. Yaro yakan ƙware a wasan, amma ƙwarewar ba ta cika bin sa aji ba. Ki horar da shi da aikin yau da kullum: shirya jakar makaranta, aike da saƙo biyu a rubuce, daga baya uku. Minti 10 zuwa 15, a kashe talabijin, sannan ya huta. Saurin gajiya ke damun yaran da suka bugu a kai, ba lalaci ba, don haka a ajiye bulala. Kada ki bar shi yana ta canke, ki faɗa masa amsar daidai tun farko, don kuskure ma yakan zauna a kai.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai tsara aiki da danne fushi, ba ya gama girma sai wajen shekara 25, shi ya sa wata matsalar sai a sakandare take fitowa. Ki sanar da malaminsa tun yanzu. Idan kuwa kin ga farfaɗiya, amai ko ciwon kai mai ƙaruwa, ku koma asibiti nan take.